Batirin motar rimot: tambayoyin da ake yawan kawo mini kan girman ƙwaya

Teburina a Garwa na gyaran waya ne da tocila da fitilun sola, amma duk bayan salla sai ya koma garejin motocin rimot. Iyaye su kawo na yara, samari su kawo manyan da suka yi oda daga waje, kuma kusan kowa matsalarsa ɗaya ce, batir. Tun ina amsawa da baki har na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara tambayoyin a nan. Idan na ce ƙwaya, ina nufin guda ɗaya, abin da muke kira pil. Idan na ce ɗauri, ina nufin ƙwayoyin da aka haɗa aka naɗe wuri guda da waya da filogi.

Mene ne AA da Sub-C da 18650 da nake gani a rubuce?

Sunayen girma ne, kamar lambar takalmi. AA ita ce ta agogon bango, kaurinta milimita 14.5, tsawonta kusan 50. AAA ƙanwarta ce ta rimot ɗin talabijin. Sub-C gajeriya ce kakkaura, 23 a kauri, 43 a tsawo. Akwai 2/3A, 17 a kauri, tsawonta bai kai 30 ba. Waɗannan a motar rimot yawanci NiMH ne, wato masu caji na nikel, kowace ƙwaya bolt 1.2.

Masu lamba kuwa litiyam ne, kuma lambar ita ce awon: 18650 na nufin kauri 18, tsawo 65. Haka 21700, kauri 21, tsawo 70. Haka 14500. Kowace tana ba da bolt 3.6 ko 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Sunan girma ba ya gaya maka abin da ke ciki, ba ya gaya maka ƙarfinta. Ƙwaya biyu za su yi tsawo ɗaya da kauri ɗaya, ɗaya ta ja mota, ɗaya ta kasa.

Da me zan fara kafin na je kasuwa?

Da rula. Kifa motar, buɗe ramin batir, auna tsawo da faɗi da zurfi, ka rubuta a takarda, ka rage ɗan wuri saboda waya. Sau nawa mutum ya zo mini da ɗaurin da ya biya kuɗi mai yawa, murfi ya ƙi rufuwa saboda milimita uku.

Sai bolt: duba jikin tsohon ɗaurin ko kwalin motar. Za ka ga 4.8 ko 6 ko 7.2 ko 7.4 ko 9.6. Na uku shi ne wanda mutane ba sa tambaya, alhali shi ke kashe batir: wuta nawa injin yake zuƙa a lokaci ɗaya. Ɗan injin motar yara bai wuce amfiya ɗaya ko biyu ba. Injin 540 da ke cikin motocin 1/10, wato masu girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, yana iya zuƙar goma zuwa ashirin yana tafiya, ya zarce haka nesa lokacin tashi ko idan taya ta maƙale. Sai an san waɗannan ukun sannan a zo maganar mAh, wato yawan wutar da ƙwaya take ajiyewa.

Ashe ba mai mAh mafi yawa ce ta fi ba?

Ka ɗauki tulu da randa. Tulu babba zai iya cin ruwa daidai da ƙaramar randa, amma idan gobara ta tashi wanne za ka kwara da sauri? Bakin tulu ƙarami ne. To mAh yawan ruwan ne, amfiya kuma faɗin baki. Masu ƙera ƙwaya a girma ɗaya dole su zaɓa: ko su cusa abin ajiyar wuta da yawa bakin ya tsuke, ko su buɗe bakin ajiyar ta ragu. Shi ya sa Samsung 25R take da mAh 2500 amma tana ba da amfiya 20, ita kuwa 30Q tana da 3000 tana ba da 15, masu 3500 kuma ba sa wuce 10 ko ƙasa da haka.

Amfanin mAh shi ne lissafin lokaci. Ɗauri mai 3000, idan mota tana zuƙar amfiya 12 a matsakaici, rubu'in awa ke nan, minti 15. A kan siminti za ta wuce haka. A cikin rairayi, kamar yadda samarin Marwa ke shiga Mayo Kaliyawo da rani idan ruwa ya ƙafe, ba za ta kai ba, don taya tana nutsewa injin yana ta nishi.

Motar yarona tana cin AA huɗu. Masu caji 1.2 ne, na shago 1.5. Ba za ta rage gudu ba?

A takarda za ta rage: huɗu sau 1.5 bolt 6 ne, huɗu sau 1.2 kuma 4.8. A ƙasa ba haka abin yake ba. Pil ɗin da ake yarwa tana 1.5 ne tana zaune. Da injin ya ja ta sai ta sunkuya, kuma tana ta raguwa har ta mutu. NiMH tana fitowa daga caja wajen 1.4, ta sauka 1.2 ta tsaya nan kusan har ƙarshe. Minti biyar na farko ne kawai ta shago za ta fi ta.

Nemi mai mAh 1900 zuwa 2500. A zafinmu na fi son irin masu riƙe caji, kamar Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, yanzu suna hannun Panasonic. NiMH ta gama-gari tana zubar da cajinta tana ajiye, zafi kuma yana ƙara mata zuba, sai yaro ya ɗauko mota ranar Lahadi ya tarar ba komai.

Na ga batir kamar AA an rubuta 14500, kuma ya shiga ramin daidai. In saka?

Kada ka saka. Wani yaro ya zo mini da jar mota a leda, ido ya yi ja, ya ce, "Kawu, gudu ta yi sosai, sai ta yi hayaƙi." Na buɗe, ƙwayoyi huɗu na 14500 da ya ciro daga tocila. Huɗu cikakku bolt 16.8 ke nan a kan allon da aka yi domin 6. Wurin da wuta ke shiga ya yi baƙi ƙirin, robar gefen ta narke ta manne da murfi, warin bai bar teburina ba sai washegari. Na ce masa, "Ɗana, wannan sai dai mu cire tayoyin mu ajiye." Girmansu ɗaya da AA, wutarsu ninki uku.

Me ya sa manyan motoci suke zuwa da Sub-C? Ba zan iya haɗa AA shida masu 2500 ba, tunda su ma 7.2 za su bayar?

Bolt ɗin zai yi daidai, motar ma za ta motsa idan ka ɗaga ta sama. Ajiye ta ƙasa ka danna, sai ta yi tsalle ɗaya ta yi sanyi, wani lokaci rimot ɗin ma ya daina juya taya saboda wutar ta faɗi ƙasa da abin da na'urar karɓar saƙo take buƙata. AA siririya ce, hanyar da wuta ke bi a cikinta matsattsiya, amfiya kaɗan take iya bayarwa cikin kwanciyar hankali. Idan aka matsa mata sai ƙarfin ya koma zafi a cikinta. Sub-C an yi ta ne domin aikin ƙarfi, ita ce a cikin tsofaffin injinan huda masu batir, kuma tana ba da amfiya 30 ba ta damu ba.

Ɗaurin da aka saba shi ne ƙwaya shida, uku a jere uku a gefensu, bolt 7.2, tsawo wajen milimita 135, faɗi 47, kauri 24. Yawancin motocin 1/10, na Tamiya da makamantansu, ramin batirinsu a kan wannan awon aka yanka shi. Akwai mai ƙwaya bakwai, 8.4, ya fi gudu, amma sai ka tabbata ramin zai ɗauka kuma ESC, wato akwatin da ke sarrafa gudu, ya yarda da shi. Ajiyar Sub-C daga 3000 ne zuwa 5000. Aibinta nauyi: shida sun kai giram 350 zuwa 400 da ɗoriya. Alherinta haƙuri: ba ta kumbura, ba ta saurin kama wuta, idan yaro ya manta ya shanye ta ƙaf yawanci tana farfaɗowa. Duk uban da ya ce mini motar ta ɗan shekara goma ce, NiMH nake ba shi shawara, ko da zai ce ni ɗan da ne.

2/3A fa, ta wace mota ce?

Ta ƙanana, 1/16 da 1/18, inda Sub-C ba ta shiga, AA kuma ta yi tsawo. Tana da 1100 zuwa 1600, ƙasa da AA a ajiya amma ta fi ta buɗaɗɗen baki. Motoci masu shan mai ma suna amfani da biyar daga cikinta, bolt 6, domin juya taya da birki.

Ina so in bar NiMH in koma 18650. Guda nawa?

Nan ne lissafin yake da daɗi. Haɗi iri biyu ne. Kai da gindi, wato a jere, bolt yake ƙarawa: ƙwaya biyu 7.4, cikakku 8.4, shi ake rubutawa 2S. Kafaɗa da kafaɗa kuma mAh da amfiya yake ƙarawa, shi ne P. Ƙwaya biyu kacal za su ba ka bolt ɗin, amma duk nauyin injin yana kan layi ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga injin 540 ina haɗa huɗu, 2S2P.

Duba awon: biyu a tsaye milimita 130, layi biyu a gefe 36 ko 37, kauri 18. Ya shiga ramin Sub-C har da sauran wuri, sai a cusa soso kada ya riƙa kai da kawowa. Idan ƙwayoyin masu 3000 ne da amfiya 15, ɗaurin ya zama 6000 da amfiya 30, nauyin ƙwayoyin bai kai giram 200 ba. Rabin nauyi, ninkin lokaci, idan ka kwatanta da ɗaurin Sub-C mai 3000.

21700 ta fi ƙarfi, Molicel P42A tana da 4200 da amfiya 45, biyu kawai sun isa mota. Sai dai biyu a tsaye 140 ne tun kafin a saka waya, ramuka da yawa ba sa ɗauka. Koma ga rularka.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: tsohon ESC na zamanin NiMH bai san ya tsaya ba, zai sha litiyam har ƙasa da inda take lalacewa. Idan naka ba shi da wurin zaɓar LiPo, wato tsarin litiyam, sayi ɗan ƙararrawar nan da ake maƙalawa a wayar daidaito, ƙaramar wayar da ke fitowa daga kowace ƙwaya, ka sa ta yi ƙara a 3.3 kowace ƙwaya. Kada kuma ka sayi 18650 masu allon kariya a gindi: sun fi tsawo, suna kusan 70, kuma allon yana yanke wuta daidai lokacin da mota take son tashi.

Ina da tsohon batirin kwamfuta, akwai 18650 shida a ciki. Ba su isa ba?

Sun isa tocila, sun isa fanka ƙarama, sun isa motar yara mai ɗan injin. Babbar mota a'a. Kwamfuta tsotsa take yi a hankali awa biyu ko uku, don haka ƙwayoyinta masu tsukakken baki ne tun suna sababbi, balle sun shekara biyar a zafi. Idan ka ɗora musu injin 540 za su yi zafin da ba ka iya riƙewa. Wanda ya dage, sai ya jera uku ko huɗu kafaɗa da kafaɗa, a nan kuma ramin ya cika.

Na injin huda ko na injin ɗaure kusa su ne masu buɗaɗɗen baki, idan ka samu ka yi sa'a. Kowace ka ciro, auna ta da mita. Wadda na tarar ƙasa da 2.5 ba na wahalar da kaina. Sauran in cika su, in rubuta lamba a jiki, in ajiye mako guda, in sake aunawa. Wadda ta sauka fiye da 'yan'uwanta ta fita. Wadda rigarta ta yage kuma sai an sake mata riga, domin duk jikin gwangwanin nan gindi ne, yana dab da kan ƙwayar.

A kasuwa akwai 18650 mai 9900 mAh, kuma da araha.

Ni ma na taɓa saya, guda takwas, wajen wani mai tebur da ba zan ambata ba, shi ma sayo su ya yi. Tun a hannu na ji ba nauyi. Na ɗora ɗaya a ƙaramin sikeli, ba ta kai giram 30 ba, alhali ta gaske tana 45 zuwa 48. Da na gwada a caja mai ƙirga abin da ya fita, ko 1000 ba ta cika ba. Ƙwayar 18650 ta gaskiya daga manyan kamfanoni iyakarta wajen 3500 ne. Duk abin da ya ce 5000 ko 9900 a wannan girman, fenti ne. Araha ba ta ado. Haka AA da aka rubuta wa 4800.

LiPo ɗin nan mai kama da sabulu, da lambar C da ke jikinsa?

Shi ne na masu tsere da masu injin da ba shi da gawayi. Ba shi da gwangwani, jaka ce mai laushi, don haka ga mota nemi mai ƙoƙon roba mai tauri. Na 2S an yi shi kusan daidai da ramin Sub-C, wajen 139 da 47 da 25. Lambar C ninki ce: 5000 mAh amfiya-awa 5 ne, sau 30C, amfiya 150 a faɗarsu. Ni ina raba abin da suka rubuta biyu in yi aiki da shi. Yana ba da ƙarfin da 18650 ba ta bayarwa, amma ba ya yafiya: ƙusa ta huda shi, ko a cika shi fiye da 4.2 kowace ƙwaya, wuta ce. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada wani ya ce maka a saka a firji ya koma. Kuma 3S, bolt 11.1, ba a saka shi a motar da aka rubuta wa 2S don neman gudu.

Zan iya gauraya sabuwa da tsohuwa, ko 3000 da 2000?

A'a. A jere, mai rauni ita ke fara ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinta har su juya ta. Kamfani ɗaya, lamba ɗaya, shekaru ɗaya.

Akwatin pil mai sifirin ba zai yi ba? Dole sai an like?

Ga motar yara zai yi. Ga babba, siririn sifirin nan shi ne zai fara ja, ya saki, roba ta narke, ga kuma girgiza tana raba ƙwaya da mazauninta a kowane rami. Abin da ya dace shi ne injin ɗigon walda da ɓallin nikel. Idan babu, ana likewa da dalma, amma da babban ƙarfe mai zafi sosai, a kankare wurin, a taɓa daƙiƙa biyu ko uku a ɗaga. Ƙaramin ƙarfen gyaran waya shi ya fi ɓarna, don sai ka daɗe kana dannawa zafin yana shiga ciki. Ana sayar da ɓallin ƙarfe da aka shafa wa nikel a matsayin nikel. Jefa guntu a ruwan gishiri kwana biyu, idan ya yi tsatsa ka gane.

Waya ta zama mai laushi, 2.5 a awon da masu kayan lantarki ke sayarwa a nan. Farin filogin Tamiya yana sassautawa ya yi zafi idan wuta ta yi yawa, ni ina canza shi da XT60 ko Deans. Yanke waya ɗaya, like, rufe, sannan ka taɓa ta biyun. Almakashi ɗaya a kan waya biyu ya taɓa cinye mini bakin almakashin.

Zafin bazara yana canza zaɓin?

Ƙwarai. Daga Maris zuwa Mayu, Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena suna haura digiri 40 a inuwa. Litiyam ba a cajinta sama da 45, ba a so ta wuce 60 tana aiki. Wanda yake Turai yana farawa daga 20, yana da tazara mai yawa. Kai kana farawa daga 40, ƙasar da motar ke gudu a kai ta fi haka. Ƙwayar da ake matsa wa kusa da iyakarta ita ke yin zafi, don haka a nan ina ƙara girma ko in ƙara layi, ba don lokaci ba, don ɗaurin ya yi aiki bai wahala ba. Idan injin yana zuƙar 15, ina so ɗaurin ya iya 30.

A yi wasa da safe ko bayan la'asar. Mota ta tsaya, taɓa ɗaurin: idan ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, ya yi ƙanƙanta ga wannan motar ko ga wannan rairayin. Bar shi ya huce kafin caji. Kada a bar shi a cikin mota a rufe, ko a ɗakin kwano da rana tsaka. Idan za a yi mako ba a taɓa ba, litiyam a ajiye ta a 3.8 kowace ƙwaya, don cikakkiya a zafi tana saurin tsufa. Nawa suna cikin tukunyar ƙasa mai rairayi a gindi, a kan siminti, nesa da katifa, murfin a ɗore kawai ba a toshe ba. Da hunturu kuma ƙura ce: tana shiga giya ta ƙara wa injin nauyi, injin ya ƙara zuƙa, a zo a ce batir ne ya lalace.

Wuta ba ta zama. Yaya zan yi caji?

Cajojin irin iMAX B6 suna karɓar bolt 11 zuwa 18, don haka batirin sola na gida ko na mota yana tafiyar da su kai tsaye. Ni na fi son haka ma, ba ruwana da ɗaukewar wuta a tsakiyar caji. Zaɓi nau'in batir daidai a cajar, domin NiMH da litiyam ba hanya ɗaya ake gane cikarsu ba: litiyam ana tsayawa a 4.2, NiMH kuwa caja tana jiran bolt ya ɗan sauka bayan ya kai ƙololuwa. Cajar ɗaya a kan ɗayan haɗari ne. Ga litiyam a riƙa saka wayar daidaito kowane lokaci. Kada a wuce 1C, wato amfiya 3 ga mai 3000. Da bazara rabin haka nake yi. Abin da ruwan zafi ya dafa, na sanyi ma zai dafa idan an yi haƙuri. Kuma ba a barci a bar litiyam a caji.

Yayana zai dawo daga Dubai ta jirgi. Zai iya riƙo mini?

Zai iya, a jakar hannu, ba a akwatin da ake aunawa ba. Ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin litiyam da ba ya cikin na'ura yana tafiya tare da mai shi, kuma har wat-awa 100 ba a neman izini. Bolt sau amfiya-awa ne: 7.4 sau 5, 37 ke nan. A rufe filogi da salatif, ƙwayoyi kuma kowace a 'yar robarta, kada su haɗu da makulli ko tsabar kuɗi. Tura masa awon ramin da hoton filoginka kafin ya shiga shago.

Wanda ya mutu, ina zan kai shi?

Ba cikin sharar da ake cinna wa wuta ba, gwangwanin yana fashewa, ga yara suna tsaye a bakin juji. Tsofaffin Sub-C da aka rubuta wa NiCd akwai guba a cikinsu, kada a fasa su, kada su shiga rijiya ko kwata. LiPo da ya kumbura ina haɗa shi da ƙwan fitilar babur a waje, a kan rairayi, har ƙwan ya mutu mita ta nuna sifili, sannan in murɗa wayoyin biyu tare. Sauran ina naɗe kawunansu da salatif in tara a gwangwanin madara. Filogin da wayar kuwa yanke su nake yi in ajiye, don XT60 mai kyau ba kullum ake samunsa a Garwa ba.